Wa ke riƙe da littafin lissafi?

A 1844 mutum 28, masaƙa da wasu masu sana'a, suka buɗe shagon gama-kai a Rochdale ta Ingila, daga baya suka riƙa ware kashi biyu da rabi cikin ɗari na ribarsu don karatu. Sun gane cewa ƙungiyar da membobinta ba su iya duba lissafi ba, ta magatakarda ce.

A Damargu abin ta sama ya faro. Bayan yunwar 1931, Nasara ya tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbun tsimi. Tanut kuwa ƙasar hatsi ce, daga nan ayarin Abzinawa ke ɗaukar gero zuwa Abzin. Manomi ya kawo, wani ya auna, wani ya rubuta da Faransanci. Ta ina zai ce rumbun nasa ne?

An kafa UNCC a 1962, ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963. A 1966 aka gwada sabon tsari a Matamai da Magarya: manoma su zaɓi masu awo da magatakarda daga cikinsu, a koya musu karanta sikeli da lissafi, su riƙe kasuwar gyaɗa da kansu. A shekarar ne kuma taron Bamako ya tsara rubutun Hausar boko, inda ake ninka dogon wasali, a rubuta "kaasuwaa". Kada ku yi dariya, 'yan'uwa. Da irin wannan rubutu dattawa da dama suka fara karanta takardar awonsu.

Amma karatun ya bi gyaɗa, domin a nan kuɗin gwamnati yake. Arewa, inda sai gero da dabbobi, ba ita aka sa gaba ba. Ga kuma batun harshe: a Tanut da Belbeji akwai Hausa, Tamajak, Fulatanci da Barbarcin Dagira. Malaman allo suna da ajami, Abzinawa suna da tifinar, amma tsarin ya lissafa su duka cikin jahilai. A ganina nan aka yi babbar asara.

Bayan farin 1973 da na 1984 bankunan cimaka sun yawaita a karkara, UNC kuma ta gaji UNCC a 1984. Har yau idan banki ya durƙushe a kan ce fari ne ko bashi. Ku tambaya tukuna: mutum nawa cikin kwamitin ke iya karanta littafin shiga da fita, kuma da wane harshe aka rubuta shi?