Ɗigon da Bai Kai Ƙwayar Gero Ba

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ƙarar bindiga a yau alamar gudu ce. Amma akwai harbin da ba ya kashe ko tsuntsu, wato gasar bindigar iska, wadda ta shiga wasannin Olamfik a 1984. Maharbi yakan tsaya daga nisan mita 10 ya auna ɗigo mai faɗin rabin milimita. Bugun zuciya kaɗai ya isa ya kautar da harsashin.

Abhinav Bindra na Indiya ya sha ɗacin haka a Atina a 2004. Ya shiga zagayen ƙarshe yana cikin na gaba, ya fito na bakwai. Daga baya aka gano katakon da ya taka yana rawa. Ya koma filin harbin da mahaifinsa ya gina masa a gida, ya yi ta atisaye shekara huɗu. A Beijin a 2008, harbinsa na ƙarshe ya kawo maki 10.8 cikin 10.9, ya zama ɗan Indiya na farko da ya ci zinaren Olamfik shi kaɗai. A Rio a 2016 kuwa, harbi guda ya raba shi da lambar yabo, ya tashi na huɗu.