Abin Da Ya Kamata A Sani Game Da Shingen Kariya A Cikin Caja Da Inbata

Cajar waya da cajar kwamfuta da na'urorin da ke ba kayan asibiti wuta duk aiki guda suke yi, wato sauya wutar lantarki daga wani ƙarfi zuwa wani. Wutar gida a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, alhali cajar waya ta yau da kullum bolt 5 take fitarwa. Abin da ke tsakanin waɗannan ɓangarori biyu shi ne shingen kariya: ƙaramin taransifoma da ke miƙa wuta ta hanyar maganaɗisu, ba tare da wayar shiga ta haɗu da ta fita ba. Idan shingen ya karye, wutar gida za ta isa hannun mai riƙe da wayar.

Ma'anar lambar da ake rubutawa

Kamfanoni kan rubuta ƙarfin shingen a takardar bayanin na'ura, misali bolt 1,500 ko 3,000. Wannan adadi na gwaji ne, wanda shingen ya jure na ɗan lokaci, galibi daƙiƙa 60 ko daƙiƙa 1. Ƙarfin da zai iya ɗauka dare da rana tsawon shekaru ya yi ƙasa da haka sosai, kuma shi ake kira ƙarfin aiki. Rikita waɗannan lambobi biyu kuskure ne da ka iya jawo gobara ko asarar rai.

Matakan kariya

Shinge mai hawa ɗaya yana buƙatar ƙarin kariya, kamar wayar da ake haɗawa da ƙasa. Mai hawa biyu, ko wanda aka ƙarfafa, ba ya buƙatar hakan, kuma ana gane shi da alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikin na'urar.

Hukumar IEC, wadda aka kafa a 1906 kuma take da hedikwata a Geneva, ita ke tsara ƙa'idojin. IEC 62368-1 ta shafi kayan sadarwa da kwamfuta, IEC 62109 ta shafi inbatar sola, sai IEC 60601-1 ta kayan asibiti. Wannan ta ƙarshe ta fi tsanani: cikakkiyar kariyar majiyyaci daga wutar gida tana buƙatar gwajin bolt 4,000 da tazarar milimita 8 a kan allon na'urar.

Yadda ake gwajin

Ana ɗora wuta mai ƙarfi tsakanin ɓangaren shiga da na fita, sannan a auna abin da ke yoyo. Idan ya wuce iyaka, ko tartsatsi ya tashi, na'urar ta faɗi. Ana kuma auna tazarar da ke tsakanin ɓangarorin, ta iska da ta saman allo, domin ƙurar hunturu da danshin damina suna iya zama hanyar da wuta za ta bi. Aiki ne na ƙwararru, kuma yawan maimaita shi yana raunana shingen.

Abin lura ga mai saye

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP. Duk da haka, jabun caja kan ɗauki tambarin da ba a ba ta ba. Cajar da ta cika zafi, ko ta tsage, ko take jan mutum idan ya taɓa waya, a daina amfani da ita nan take.