Daga Kwalin Sigari Zuwa Gilashin Mota

Yau labarin soyayya zai ɗan huta, tarihi za mu taɓa.

A shekarun 1880 kamfanonin sigari na Amurka, irin su Allen & Ginter da Duke, suna cusa ɗan kati mai ƙwari a kwali don kada karan sigari ya karye. Sai wani mai wayon kasuwa ya ce a buga masa hoto. Hoton wa? Na matan da ke wasa a dandamali, irin su Lillian Russell, an ci ado, wasu ma kayan jikinsu ba su kai sun kawo ba. Samari suka dinga sayen kwali bayan kwali don su haɗa jerin hotunan. Har uban mai kamfanin, Washington Duke, ya rubuta wa ɗansa wasiƙa a 1894 yana roƙonsa ya daina, bayan wani limamin coci ya kai masa kuka. A Ingila kamfanin Ogden's ya bi sahu, sai ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe harkar wajen 1940.

Mu a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, ko bayan an buɗe masana'antar taba a Zariya a 1959, kara-kara ake sayen sigari wurin mai tebur. Wa ya ga ta sayen kwali?

Amma dabarar ta iso mu ta wata ƙofa. Na tashi na tarar da hotunan 'yan fim ɗin Indiya a bangon shagon tela da na aski. Da fim ɗin Sangaya ya yi tashe wajen 2000, sai fuskar Fati Mohammed da ta 'yan uwanta ta cika kalanda da sitika, a gilashin motocin da ke jigilar 'yan kasuwar Dambatta da tankin babur. Mu marubuta ma mun san littafin da ke da kyakkyawa a bango ya fi saurin tashi a rumfa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne rabon. Mai buga sitika ya kwashi kuɗinsa, direba ya ƙawata motarsa, ba mai ce musu kanzil. Yarinyar da ke jikin hoton kuwa, ita ake kira 'yar iska a majalisa, ita ce kuma idan maganar aurenta ta taso dangin miji za su ce ai sun gan ta manne a bayan mota.