Likitan da ya ɗauki hoton iska

Mai karatu, in aka tambaye ka wa ya ƙirƙiro silima, na san amsarka: 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière, da suka karɓi kuɗin ƙofa suka nuna majigi a birnin Paris ran 28 ga Disamba, 1895. Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai sun zo ne sun tarar tukunya ta kusa tafasa. Cikin waɗanda suka hura wutar akwai wani likita Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, wanda ko a mafarki bai nufi nishaɗantar da kowa ba. Shi dai awo yake son yi.

An haife shi a 1830 a garin Beaune. Tun yana matashin likita bai yarda da idon ɗan Adam ba, don abu in ya cika sauri sai ya wuce ido. A 1860 ya ƙera 'yar na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana zana bugun jini a kan takarda. Daga nan ya koma kan dawakai, ƙwari da tsuntsaye. Har tattabara ya yi wa ɗamara da bututun roba don ya auna yadda take kaɗa fiffike. To amma tsuntsun da ke ɗaure ai ba ya tashi irin na wanda ke sake.

Ana haka, a 1878 wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gonar attajiri Leland Stanford a Kalifoniya ta Amurka, ya ɗauki doki yana sukuwa. Abin ya burge Marey, sai dai tsuntsu ba ya bin layi kamar doki. Don haka a 1882 ya haɗa wata bindiga. I, bindiga, da bakinta da kunamarta, amma maimakon harsashi faifan hoto ne ke juyawa a ciki, yana ɗaukar hotuna 12 cikin sakan guda, kowanne bai fi kan sarki girma ba. Zuwa 1888 ya koma amfani da dogon zirin takardar hoto mai tafiya tana tsayawa a bayan gilashin kyamara. Wannan tafiya da tsayawa ita ce zuciyar kyamarar silima, wadda daga baya aka tsayar da ita a kan hotuna 24 a sakan.

Ga wanda ya fi ba ni dariya. A 1894 Marey ya saki kyanwa daga sama, bayanta na kallon ƙasa, ya ɗauki faɗuwarta. Kowa ya san da ƙafa take dira, amma a ƙa'idar fiziks abin da ba ya juyawa ba zai fara juyawa haka kawai ba sai ya sami abin tokarawa. Masana da yawa sun ɗauka hannun mai sakin ta take tokara. Hotunan suka ƙaryata su. Ashe gabanta take fara murɗawa, ta tattare ƙafafun gaba ta miƙe na baya, sannan ta sauya, bayan ya biyo. Ba ta karya ƙa'ida ba, dabara ta yi mata. Sai a 1969 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford suka warware lissafin sosai, da kuɗin hukumar NASA, wadda ke son 'yan sama-jannati su iya juya jikinsu inda babu abin dafawa.

Aikinsa na ƙarshe shi ne ya fi kowanne wuya. Tsuntsu ana ganin sa, amma iskar da ke ɗauke da shi fa? Tsakanin 1899 da 1901 ya ƙera akwati mai fuskar gilashi, aka shimfiɗa baƙin ƙyalle a bayansa. Daga sama siraran bututai na fitar da hayaƙi, fanka na jan sa ƙasa, ya sauko a jere kamar zaren saƙa. A na'urar 1901 zaren ya haura 50. Sai ya sa wani abu a tsakiya, ko faranti a karkace, ko mai lanƙwasa irin fiffike, a ga inda hayaƙin ya bi lafiya da inda ya hargitse yana murɗewa a baya.

Gani kaɗai bai ishe shi ba, sai da lamba. Ya sa na'urar lantarki tana girgiza bututan sau 10 a sakan, kowace girgiza ta bar ɗan lanƙwasa a zaren hayaƙin. Ya ajiye rula a gefe. Tazarar da ke tsakanin lanƙwasa biyu ita ce tafiyar da iska ta yi cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Ka ga hoto guda ya zama agogo da rula a haɗe. Samuel Langley na cibiyar Smithsonian, mai fafutukar ƙera jirgin sama, shi ya samo masa tallafin kuɗi.

Kada in yi masa ƙari: ba hayaƙin Marey ne ya tada jirgi ba. 'Yan'uwan Wright nasu akwatin iskar suka haɗa a 1901, suka gwada fukafukai kusan 200, kafin tashin sakan 12 da suka yi ran 17 ga Disamba, 1903. Amma a wasiƙar da Wilbur Wright ya aika wa Smithsonian a 1899, ya ambaci littafin Marey cikin 'yan abubuwan da ya karanta.

Silima kuwa, da ta zo, ba ta ɗaɗa shi da ƙasa ba. A ganinsa nuna wa mutum abin da idonsa ke gani kullum ba ya ƙara masa komai. Amfanin kyamara shi ne ta rage saurin mai sauri, ta ƙara wa mai nawa. A nan ban bi shi duka ba, don ya manta mutane na son labari. Amma duk sanda ka ga darekta ya ja faɗuwar jarumi a hankali har kana ganin ƙura na tashi, dabarar likitan nan ce aka aro.

Ya rasu a watan Mayun 1904, wata biyar bayan tashin jirgin Wright. A 2004 gidan adana kayan fasaha na Orsay da ke Paris ya rataye hotunan hayaƙin nan a bango, jama'a na shiga kallo, rular tana nan a gefen hoton.