Kirkin Gowon da Amanar Ahidjo: Yaƙin Basasa Daga Bakin Iyakar Mubi

A watan Fabrairun 1961 mutanen Mubi da sauran yankin da ake kira Arewacin Kamaru suka kaɗa ƙuri'a ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni yankin ya shigo Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. A Yawunde kuwa Shugaba Ahmadu Ahidjo ya mai da ranar ta makoki, ya kuma kai ƙarar Birtaniya kotun duniya, inda a Disambar 1963 alƙalai suka ƙi shiga gundarin ƙarar. Ahidjo Bafulatanin Garwa ne, a ganinsa 'yan'uwansa aka yanke masa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, dama ta zo masa har gida. Sojan Najeriya ya tattara can kudu. Wanda ya san hanyar Mubi zuwa Sahuda, yadda take hawa duwatsun Mandara ta faɗa Bukula, da yadda masu shanu da 'yan fasa-ƙwauri ke ratsa ta ba dare ba rana, ya san iyakar nan ba ta tsaruwa sai da yardar maƙwabci. Ga Faransa, uwar gijiyar gwamnatin Ahidjo, ta karkata ga Biyafara, makamai na sauka filin jirgin Uli ta hanyar Gabon. Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya duk sun amince da Biyafara a 1968. Ahidjo bai tada tsohuwar maganar Mubi ba, bai bari makamin Biyafara ya ratsa ƙasarsa ba, ya kuma zauna cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa a Kinshasa a 1967, wanda ya tsaya kan Najeriya ɗaya.

Hujjata ita ce, a lokacin yaƙi ana auna halin shugaba da abin da ya iya hanawa, ko ya hana kansa ko ya hana na ƙasa da shi. Taushin zuciya wani abu ne dabam, kuma mun cika haɗa su.

Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a Adamawa kafin ya koma koyarwa, ya wallafa wani nazari a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya jero gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da makamantansu. In aka ɗora Yakubu Gowon, shugaban Najeriya a lokacin yaƙin, a wannan sikeli, da wuya ya faɗi. A Wusasa ya tashi, ya yi Kwalejin Barewa, ya hau mulki yana ɗan shekara 31. Tun farkon yaƙin ya fitar wa soja ƙa'idar aiki da ta hana taɓa mata da yara da wanda ya ajiye makami, a 1968 kuma ya gayyato masu sa ido daga ƙasashen waje su duba zargin kisan ƙare-dangi. Ranar 15 ga Janairun 1970, da Philip Effiong ya zo Barikin Dodan miƙa wuya a madadin Biyafara, Gowon rungumar tsoffin abokan aikinsa ya yi, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Ba a harbe wani jagoran Biyafara ba. A tarihin yaƙe-yaƙen basasa irin wannan ba shi da yawa, kuma wanda ya raina shi bai yi adalci ba.

Amma a lura, wannan shawara a hannunsa kaɗai take. Inda ake bukatar ya tanƙwara wani, labarin ya sauya. A Oktoban 1967 sojojin Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ke jagoranta, suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba, ba a gurfanar da wani babban hafsa ba. Rundunar ta yi ta yunƙurin tsallaka kogin Kwara da jiragen ruwa zuwa Anaca, saɓanin shawarar hedkwatar Legas, aka yi asarar sojoji da kayan yaƙi. Kwamandojin fagen daga kowa sarkin kansa ne, sai a Mayun 1969 Gowon ya iya sauya su gaba ɗaya. Bayan kifar da shi a Yulin 1975, binciken kadarori ya wanke gwamnoni biyu kacal cikin goma sha biyunsa, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi. Na Jihar Arewa maso Gabas, inda Mubi take a lokacin, bai shiga cikin biyun ba. Kunyar da ke ƙawata dattijo a zaure ita ce ta hana shugaban ƙasa tsawata wa abokansa.

Ahidjo kuwa ba wanda zai kira shi mai taushi. Jam'iyya ɗaya ya bari a ƙasarsa daga 1966, ya murƙushe 'yan tawayen jam'iyyar UPC da taimakon Faransa. Shekara guda cif bayan rungumar Barikin Dodan, ranar 15 ga Janairun 1971, aka harbe jagoransu Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafoussam.

Daga nan ne mai suka zai ce abin da Ahidjo ya yi wa Najeriya lissafi ne kurum: mai yankin masu jin Turancin Ingilishi a ƙasarsa ba zai so ganin ɓallewa ta yi nasara a maƙwabta ba. Ƙari a kan haka, sojan tarayya ya kama Kalaba tun 1967, ya toshe yawancin iyakar da kansa. Duka gaskiya ne. Sai dai lissafi ba ya aiwatar da kansa. Akwai haushin 1961, akwai matsin Faris, akwai misalin Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa da Bongo na Gabon da suka bi Faransa. Riƙe matsaya guda wata talatin a tsakiyar wannan duka, ba tare da neman ko taƙi ɗaya na Lardin Sardauna a matsayin lada ba, yana bukatar mutum mai iya danne fushinsa, mai iya cewa a'a ga wanda ke ɗauke da shi. Wannan kame kai shi ne ya tsare Mubi, kuma daga jijiya ɗaya ya fito da taurin da ya ƙi yi wa Ouandié afuwa, duk da roƙon da aka yi ta yi daga ƙasashen waje.