INRC: Tarihin Ƙungiyar Masu Binciken Kwamfuta Mai Kwaikwayon Ƙwaƙwalwa

Intel Neuromorphic Research Community, wadda aka fi sani da INRC, ƙungiya ce ta masu bincike da kamfanin Intel na Amurka ya kafa a watan Maris na 2018. Ta haɗa jami'o'i da cibiyoyin binciken gwamnati da kamfanoni manya da ƙanana, dukkansu suna aiki da Loihi, wani cip na silikon da aka ƙera bisa yadda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Intel ba ya sayar da Loihi a kasuwa. Duk mai son aiki da shi, ƙofarsa ita ce shiga wannan ƙungiya.

Asalin fannin

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma wutar da take ci ba ta wuce wat 20 ba. Sirrin wannan tsimi yana cikin tsarin aikinta. Kwamfutar da muka saba da ita tana bin bugun agogon cikinta ba dare ba rana, tana kai-komo da bayanai tsakanin ma'ajiya da wurin lissafi, kuma wannan zirga-zirga ce ke lashe wuta. Ƙwayar jijiya kuwa tamkar maigadi take, ba ta cewa uffan sai ta ga motsi. Idan saƙonnin da ke shigo mata suka taru suka kai wani mizani, sai ta saki ɗan tartsatsin lantarki zuwa maƙwabtanta, ta koma ta yi shiru.

A ƙarshen shekarun 1980 Carver Mead na jami'ar Caltech ya fara gina da'irorin lantarki masu bin wannan salo, kuma a 1989 ya fitar da littafinsa Analog VLSI and Neural Systems. Ɗalibarsa Misha Mahowald ta ƙera idon silikon mai kwaikwayon tantanin gani na ido. Wani ɗalibin nasa, Kwabena Boahen, haifaffen birnin Akara a Ghana, shi ya jagoranci aikin Neurogrid a jami'ar Stanford, allon da ke kwaikwayon ƙwayoyin jijiya miliyan 1.

Daga baya manyan masu kuɗi suka shigo. Hukumar DARPA ta sojan Amurka ta buɗe shirin SyNAPSE a 2008, wanda ya haifi cip ɗin TrueNorth na IBM a 2014. TrueNorth yana da ƙwayoyin jijiya miliyan 1 da mahaɗai miliyan 256 a tsakaninsu, yana aiki da wutar da ba ta wuce miliwat 70 ba. A Turai, shirin Human Brain Project na 2013 zuwa 2023 ya tallafa wa na'urorin SpiNNaker na Steve Furber a Mancesta da BrainScaleS a Heidelberg ta Jamus.

Loihi da kafuwar ƙungiya

Intel ya bayyana Loihi a watan Satumba na 2017, ya ba shi sunan wani dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin teku kusa da Hawaii. Jagoran aikin shi ne Mike Davies, wanda ya shigo Intel lokacin da kamfanin ya sayi Fulcrum Microsystems a 2011. Loihi na farko yana da cibiyoyin aiki 128, ƙwayoyin jijiya kusan 130,000 da mahaɗai miliyan 130. Abin da ya bambanta shi da TrueNorth shi ne yana iya koyo a cikin kansa: ƙarfin mahaɗansa na sauyawa yayin da yake aiki.

Cip ɗin ya samu, amma manhajojin da za su ci moriyarsa ba su samu ba. Dabarun ƙirƙirarriyar basira da duniya ta ƙware a kansu an gina su ne domin cip ɗin GPU irin na Nvidia, kuma ba sa hawa kan tsarin tartsatsi kai tsaye. Ana bukatar masana lissafi da na ƙwaƙwalwa da na mutum-mutumi su ƙirƙiro sababbin dabaru tun daga tushe, aikin da ya fi ƙarfin ɗakin bincike guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne ya sa Intel ya zaɓi bai wa masu bincike damar amfani da cip ɗin, su kuma su dawo masa da sakamako.

Yadda ake shiga

Tawagar masu bincike tana gabatar da takardar bayanin aikin da take son yi da abin da take sa ran samu. Idan Intel ya amince, cibiyar da masu binciken ke ƙarƙashinta ta sa hannu a yarjejeniya. Yawancin mambobi ba sa riƙe cip ɗin a hannu. Ta intanet suke shiga na'urorin da ke ajiye a wurin Intel, su aika shirinsu, su karɓi sakamako. Waɗanda aikinsu ke bukatar haɗa Loihi da kyamara ko hannun mutum-mutumi, ana ba su aron kaya; a zamanin Loihi na farko an ba da Kapoho Bay da ake sokawa a ramin USB, ko allon Nahuku mai ɗaukar cip 8 zuwa 32. Wasu ayyukan jami'o'i sun samu tallafin kuɗi. Abin da ake nema daga mamba shi ne ya bayyana abin da ya gano a tarukan ƙungiyar, ya kuma wallafa shi.

Bunƙasa

A watan Yuli na 2019 Intel ya haɗa cip 64 ya samar da na'urar Pohoiki Beach mai ƙwayoyin jijiya miliyan 8. A watan Nuwamba na wannan shekara Accenture da Airbus da GE da Hitachi suka zama manyan kamfanonin farko da suka shiga ƙungiyar. A Maris na 2020 aka fitar da Pohoiki Springs mai cip 768 da ƙwayoyin jijiya miliyan 100, sannan a ƙarshen shekarar Lenovo da Logitech da Mercedes-Benz da Prophesee suka shiga ƙungiyar.

Aikin da ya fi jan hankali a wannan zango shi ne na sansanar wari. Nabil Imam na Intel da Thomas Cleland na jami'ar Cornell sun kwaikwayi sashen ƙwaƙwalwar dabbobi mai tantance wari, suka haɗa shi da bayanan na'urorin shinshina 72. Loihi ya koyi bambance sinadarai 10 masu haɗari, ciki har da amoniya da mitan, daga samfuri ɗaya tak na kowanne, kuma koyon sabon wari bai goge masa tsohon ba. A Jami'ar Ƙasa ta Singafo kuma an haɗa shi da fatar roba mai jin taɓi domin mutum-mutumi ya gane abin da ya riƙe.

Loihi 2 ya fito a Satumba na 2021 da ƙwayoyin jijiya har miliyan 1, tare da manhajar Lava. Kayan rubuta shiri na farko, NxSDK, mambobi kaɗai ke samunsu, Lava kuwa an sake ta ga kowa, kuma tana aiki a kan kwamfuta ta yau da kullum. Ɗalibin da bai shiga ƙungiyar ba yana iya gwada dabararsa a gida kafin ya nemi izinin ɗora ta a kan cip ɗin. A Afrilu na 2024 aka kai na'urar Hala Point cibiyar binciken Sandia ta gwamnatin Amurka. Na'urar tana da cip 1,152 da ƙwayoyin jijiya biliyan 1.15, kuma iyakar wutar da take ja wat 2,600 ne. A lokacin mambobin INRC sun haura 200.

Matsayinta

INRC ta faɗaɗa fannin da a da 'yan ɗakunan bincike ƙalilan masu iya ƙera nasu cip ke riƙe da shi. Tsarin yana da nasa tarnaƙi: na'urar mallakar kamfani ɗaya ce, wanda ba mamba ba ba zai iya maimaita gwajin a kan cip ɗin ya tabbatar da shi ba, kuma ɗorewar aikin ta rataya ne a kan shawarar Intel. Sakamakon da aka wallafa ya nuna Loihi ya fi yin fice a ayyukan da bayanai ke shigowa ɗaya bayan ɗaya kuma ake bukatar amsa nan take da wuta kaɗan. Horar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa har yanzu a hannun GPU yake.