Asalin Kalma: Alharini

Kafin a san “siliki” a kasuwa, alharini ne sunan zaren nan mai santsi da sheƙi a bakin Bahaushe. Kalmar daga Larabci ta fito, “al-harir”. Hausa ta haɗiye ta tare da “al” ɗinta, kamar yadda ta yi wa alƙalami da albasa da alkama, sannan “r” ta ƙarshe ta rikiɗe ta koma “n”, harshe ya samu sauƙi.

A kan raƙumi kalmar ta iso. Ayarin Tarabulus kan ratsa Ghat da Agadas da Damargu, ya sauke kaya a unguwar Zango ta Damagaram kafin ya miƙe Kano. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, wannan fatauci ya bunƙasa ƙwarai. Cikin kayan har da ragowar zaren siliki na masaƙun Turai, rinanne ja mai garura. Masaƙa su saka shi cikin zane, maɗinka su yi wa babbar riga aiki da shi a wuya da aljihu. Ja ɗin nan idan ya hau baƙin saƙi, kyansa ba ya misaltuwa.

Hausawa kuma suna da nasu na gida, wato tsamiya, zaren da ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke zama a bishiyar tsamiya. Shi launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya sheƙi sosai.

Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ayarin hamada ya ja baya, kaya suka koma shigowa ta teku.